Ruwan Auta, Rijiyata

Litinin, 2 ga Maris
Rijiyata ta sake yin ƙasa. Tun da Auta ya haƙa burtsatse a gonarsa ta saman tawa nake zarginsa. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma yana tsotse min ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. Albasata ta fara sunkuyar da kai.

Alhamis, 5 ga Maris
Injiniyar ƙungiyar manoma ta zo da kwamfutarta. Wai burtsatsen Auta daga can ƙasa mai zurfi yake ja, kuma ruwan da yake malala wa barkononsa shi ke tsiyayowa cikin rijiyata. Wai gonakinmu a ɗaure suke da juna. Na ce ta ɗaure su a gidan ubanta. Ban kyauta ba, amma raina a ɓace yake.

Asabar, 7 ga Maris
Na hau gonar Auta da guduma. Injinsa na ruri, na sauke masa ita har sai da ya yi shiru. Auta ya rugo yana "Yaya, ka haukace?" Ya shaƙe ni, na ga duhu-duhu. Na lalubo shebur na maka masa a kafaɗa, na ƙara masa a ƙafa. Na ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi cikin kwalbati, jini na bin ruwa.
Shi ya fara shaƙe ni. Kowa ya gani.

Lahadi, 8 ga Maris
Karaya biyu. Inna ta tofa min yawu a riga a ƙofar asibiti, ta ce kada in ƙara kiranta uwa.

Laraba, 18 ga Maris
Babu inji, babu mai ban ruwa a sama. A lissafina, ya kamata gugana ya cika. Yau laka ya ɗebo. Na yi jifa da shi, na fasa wa kaina yatsa a bakin rijiya.

Juma'a, 20 ga Maris
Na ɗauko injin haya a kafaɗa na jona a burtsatsensa. Matarsa ta tare ni da adda. "Ka zo ka ƙarasa ne?" Na ce ta matsa, barkono zan shayar. Don rijiyata nake yi, kada wani ya ɗauka wani abu.

Talata, 31 ga Maris
Injiniya ta leƙa rijiyar, ta ce ko ruwan zai dawo, ba bana ba. Albasata ta ƙone ƙurmus, babu ko ta miya.
Ke nan ba ni da sauran dalilin hawa can.
Barkononsa ya fara fure. Layin gefen shinge bai sha sosai ba, gobe da shi zan fara.