Ƙugun Baƙin Wando

Litinin, 1 ga Yuli

Ya kama? Maman Abdulhafiz ta ce in na ga jan ɗigon nan yana ƙiftawa, to wayar tana ji. To. Ni ce Hajaratu. Ita Maman Abdulhafiz maƙwabciyata ce, a nan unguwar Diobu ta Fatakwal aka haife ta. Ta ce tunda ban iya rubutu ba, kuma wata bakwai ban leƙa titi ba don tsoro, in riƙa gaya wa waya abin da ke cina kafin in fara hira da bango. Kwanan wata ma ita nake tambaya.

Yau na yi aiki. Wandunan mijina Baban Ihsan biyu ne, baƙi da shuɗi, turin baro a kasuwar Mile 3 duk ya cinye su. Shuɗin gwiwa ta fita, bayansa kamar rariya. Baƙin kam ya mutu. Ya ce okirika ma, wato gwanjo, yanzu ta fi ƙarfinmu. Sai na yanka baƙin na yi wa shuɗin faci. Bai isa ba, gwiwar hagu sai da na ƙara da ƙyallen jan zanena. Ragowar tsumman na zuba a shara, mai kwasa ya zo da la'asar ya tafi da ita.

Yatsana duk allura ta huda. Amma ya yi kyau.

Talata, 2 ga Yuli

Bari in yi a hankali, 'yata Ihsan tana barci.

Ya ga wandon ya yi dariya, ya ce da jar gwiwar nan ko daga can unguwar Rumuokoro za a hango shi. Yana ɗaura zariya sai ya ce: «In kin samu sarari, ki farke ƙugun baƙin ki ciro layar Inna, ki mayar min cikin wannan.»

Wace laya?

Ban tambaya ba. Na ce to. Bakina ne ya ce to, ni ban san na ce ba.

Ashe ranar da zai fara tahowa Fatakwal Innarsa ta ɗinke masa ita a ƙugun da hannunta. Bai taɓa gaya min ba. Inna kuma bara ta rasu.

Laraba, 3 ga Yuli

Na ninke kwalin sukari ƙanƙani, na naɗe da leda, na ɗinke a ƙugun shuɗin. Ya shafa wurin da safe ya ce madalla. Allah ka yafe min.

Juma'a, 5 ga Yuli

Na kasa zama. In zauna in tashi. Na share ɗakin nan sau uku.

Jiya yana cin tuwo yana ba ni labari, wai shi a duk masu baro babu mai tsallaka titi kamarsa. Sauran su tsaya suna jira, shi ko ya kutsa tsakanin bas da tanka da buhu huɗu na albasa, don ya san abin da ke ƙugunsa. Wai shi ya sa 'yan kasuwa suka fi kiransa. Yana faɗa yana dariya. Ni na tsame hannuna daga tuwon.

Kwalin sukari fa. Da shi yake shiga gaban tanka.

Asabar, 6 ga Yuli

Na fita. Ni. Na gaya wa Maman Abdulhafiz komai, ta riƙe baki ta ce amarya kin yi aika-aika, sai kuma ta ɗauko lema ta ce tashi mu je. Na goya yarinyar. Kowa ya yi magana sai in ga kamar da ni yake.

Jujin yana bayan wata kwata. Ruwa ya kwana yana zuba, komai ya zama taɓo. Na sa kara ina tonawa, kowane baƙin tsumma in ɗaga. Wata mai gasa masara ta ce: «Madam, wetin you dey find?» Wai me nake nema. Maman Abdulhafiz ta ce mata zinariya. Matar ta yi ta dariya, ta miƙo wa Ihsan guntun masara.

Ba mu samu ba. Mota ta kwashe na Litinin tuni.

A hanya Maman Abdulhafiz ta ce in bar zancen, Allah ne ke tsarewa, ba fata da zare ba. Na sani. Ai na sani. Amma shi ba ya duba hanya.

Talata, 9 ga Yuli

Duk ƙarar birki sai in leƙa taga.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ya dawo tun azahar, wani abokin aikinsa Auta ya riƙo shi. Bas ce ta bugi baron, albasa ta watse a titi, shi ya faɗa kwata. Gwiwar dama ta sale, facin da na yi ya rabe biyu. Na ɗora ruwan zafi na wanke masa ciwon.

Shi ko murna yake. Yana shafa ƙugu yana ce wa Auta, ka gani ko, ba don wannan ba da yanzu ana neman likkafani. Har Auta yana cewa a ara masa ta kwana ɗaya. Ya ce jibi zai koma, kuma yanzu ma ya ƙara yarda babu ƙarfen da zai ci shi.

Wato da na yi shiru, abin ƙaruwa ya yi.

Juma'a, 12 ga Yuli

Na faɗa.

Ya miƙo min wandon in gyara kafin masallaci. Na ɗauki reza, maimakon gwiwa na farke ƙugun a gabansa. Na zaro ledar na kwance na ajiye masa a tafin hannu. Har zanen sukarin ana gani.

Na ce: «Ta Inna tana juji tun Litinin waccan. Ban san tana ciki ba. Wannan ne ya raka ka gaban bas.»

Ya daɗe yana kallon kwalin. Na ɗauka zai ɗaga murya, da ma ya ɗaga. Sai ya ce: «Ita kaɗai ce abin da ta bar min, Hajara.»

Ya sa jallabiya ya fita yana ɗingishi. Bai ci abincin rana ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ba ya magana sai sallama. Na sake facin gwiwar, na ninka biyu. Ƙugun na ɗinke shi wayam.

Laraba, 17 ga Yuli

Ya koma aiki tun Litinin. Zarena ya ƙare, Maman Abdulhafiz kuma ta tafi suna. To zare dai na je saye, ba wani abu ba. Ni kaɗai, da goyo. Na nuna wa mai sayar da zare baƙi na ce hawa moc, wato nawa, ta faɗa, na ce ta rage, ta rage. Har da ce min kwastoma.

Tunda na zo Mile 3 ɗin, sai na ɗan tsaya gefen masu doya.

Jar gwiwar na fara gani. Yana bakin titi da buhu uku, ba huɗu ba. Ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama, kamar baƙauyen da aka sauke yau. Auta ya wuce shi yana masa tsiya, wai tsoho. Hannun Baban Ihsan ya tafi ƙugu, ya tsaya a hanya, ya dawo kan baron. Sai da bas uku suka wuce sannan ya tura.

Ban kira shi ba. Na tsallaka nawa titin na dawo.

Da yamma ina wanke wandon na ji abu a aljihu. Kwalin ne, a cikin ledarsa. Ban san me yake nufi da ajiye shi ba, ban kuma tambaya ba. Na shanya shi a taga, ya bushe, na mayar masa.

Ya ce miyar ta yi gishiri. Ya dai cinye.

Gobe zan koma kasuwa, allurar nan ta lanƙwashe.