Yayana Na Son Mu Sare Gawon Baba

Malam Ilyasu, don Allah a taimake ni da shawara. Aji uku na yi a lakkwal, a yi haƙuri da rubutun.

Gonarmu tana kan tudu, sama da fadamar Jiratawa. In an yi ruwa, yashin tudun ne ke gangarawa ya toshe magudanan masu noman rani. Bara wani furoje, shirin tallafi ga manoma, ya zo, yana biyan duk wanda ya dasa itace don ƙasa ta tsaya. Mu ba a rubuta mu ba, wai gonarmu da itace. To, gaskiya ne. Marigayi Baba ba ya tumɓuke kututture, sai ya rage tohon ya bar biyu su tashi. Gawo goma sha ɗaya ya bar mana.

Ni dai ina kallo. Ranar dashe ake biya, ba mai komowa da rani. Maƙwabcinmu, awakinsa suka cinye nashi dashen, bana aka sake biyan shi a ramukan bara. Yanzu yayana Gado ya ce mu sare gawon, mu kai itacen Maradi, gona ta zama fili a rubuta mu. Ba mugu ba ne, rumbu ne ba kome, ga ƴaƴa biyar. Ya ba ni zuwa Juma'a in amince, ni kuwa ban taɓa musa mishi ba.

Mai Kallo, Jiratawa

Ɗana Mai Kallo,

Gado ya fahimci ƙa'idar sarai, ƙa'idar ce ba daidai ba. A biya na tudu don na fadama ya samu ruwa, dabara ce mai kyau, kuma ta ciyar da gidaje. Amma an biya rami, an manta da itace mai rai.

Kada ku sare. Masu gandun daji na cin tara a kan gawo. Kuɗin furoje kuwa na waje ne, a wannan zamani da gwamnati ke sauyawa, masu shi kan janye ba sallama.

Ka samu yayanka shi kaɗai. Ka bar mishi duk ƴaƴan gawon bana, masu kiwo a Tibiri na saye. Sannan ku je ga shugabannin koferatif, ƙungiyar masu noman rani, su yashin ke damu. Ku kai su tudun in an yi ruwa, su ga gonarku da ta maƙwabci, ku nemi su sa baki a riƙa ƙirga itacen da ya kai rani.

Ko sun ƙi, ƙasarku ba ta bi ruwa ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa kanku.

Malam Ilyasu