Aradu da Baban Hadiza

Illela, daren Talata, farkon damina.

Hadari ya haɗo muna cikin aji, na ce ga darasi ya kawo kansa. Na gaya wa yara aradu ba alƙali ba ce, ba ta san mai rantsuwar ƙarya ba, abin da ya fi tsawo take faɗa wa. Suka yi dariya, ban da Hadiza. Ashe bara aradu ta kashe babanta a gindin gawo, har yau ana ƙus-ƙus a garinsu.

Da aka tashi ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ta ce, "Mushe, ka zo ka faɗi haka gaban kakata. Ta daina yi mishi addu'a."

Na ce sai Juma'a. Ga walƙiya tana leƙowa ta taga, ni kuwa sarkin bayani ban san ta inda zan fara wa tsohuwar ba.