Surukina Ya Yi Wa Matacciyar Kwamfuta Magana Har Awa Uku

Anti Hilkka, don Allah ki taimake ni. Mako uku ke nan ina ɗauke da wani abu a ciki, ko kofi ba na jin ɗanɗanonsa, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Ni ma'aikacin gidan waya ne a nan Oulu, amma abin da na fi so a duniya shi ne haɗa kwamfuta da hannuna. Muna da 'yar ƙungiya, mu tara, duk da furfurarmu, ba mu da aiki sai matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi gudun da ya wuce wanda masu ƙera ta suka yanka mata. Idan ta ƙara gudu zafi take ɗauka, dole a sa mata fanka. Abokaina ba ruwansu da ƙara, nasu in sun kunna sai ka ce injin niƙa. Ni kuwa alfaharina shi ne tawa tana gudu amma ko kunne ka kara ba za ka ji komai ba. Manyan fankoki uku na sa mata masu juyawa a hankali, na ɗaure su kada su wuce juyi ɗari biyar a minti, komai zafi. Na cire fitilun gabanta. Har 'yar ƙararrawar da ke kuka idan zafi ya yi yawa na zare, wai tana ɓata mini rai. Duk gwajin nan a watan Fabrairu na yi shi, lokacin da ɗakin ke da sanyi.

Matata Kaisu tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu. Babanta, Uolevi, shekararsa tamanin da huɗu, tsohon mai tura gungumen katako a kogi ne, kuma mutum ne da zai zauna da kai yini guda bai ce maka komai ba sai "ƙaro kofi". Bai taɓa ba ta labarin uwarta ba. Shekara biyu tana roƙonsa ya ba da labarin, ya bari a naɗi muryarsa. A watan Yuli ya yarda, amma da sharaɗi: a bar shi shi kaɗai a ɗaki, kada wani abu ya yi masa ƙara, kada ya ga allo yana kallonsa. Nan fa na buga ƙirji na ce aikin kwamfutata ne.

Abin da ban faɗa ba shi ne, tun ana gobe za a yi naɗin, da dare, na kunna mata gwajin juriya, irin wanda ke sa ƙwaƙwalwar ta yi aiki iya ƙarfinta ba hutawa. Abokina Jyrki ne ya tsokane ni, ya ce, "Kai malam, fankokin nan naka ko kyandir ba za su kashe ba, awa ashirin da huɗu ta fi ƙarfinsu." Saura awa biyar in rufe masa baki, sai na ce a raina ɗaukar murya ai ba wani nauyi ba ne, bari su tafi tare.

Ranar an yi zafin da ba mu saba gani ba. Kaisu ta rufe tagogi saboda ƙarar motoci, ta danna ɗauka, ta kashe allo, ta ja ƙofa. Muka zauna a kicin. Awa uku tsohon nan yana ciki, muna jin gunjin muryarsa ta bango amma ba ma gane abin da yake cewa. Da ya fito idanunsa jawur, ya ce mata, "Na faɗa duka. Kada ki sake tambayata." Ya ɗauki hularsa muka mayar da shi gida.

Da muka dawo, kwamfuta a mace. Zafi ya kashe ta tun minti na ashirin da shida, na gani da idona a bayanan da take ajiyewa. Da irin ta Jyrki ce, da ƙarar ta ɗauke tsohon zai lura ya kira mu. Tawa kuwa da ranta da mutuwarta duk shiru ne. Ɗan abin da ta ɗauka ma ya ƙi buɗuwa.

Anti, Kaisu ta ɗauka ita ce ta taɓa wayar wutar kwamfutar da ƙafa lokacin fita. Kullum sai ta ce, "Hannuna ba ya riƙe komai, abu ɗaya Baba ya ba ni na zubar." Ni kuma ina tsaye ina shafa mata baya ina cewa tsautsayi ne. Har yau ba mu faɗa wa tsohon ba, shekaranjiya ma ya tambaye ta ko ta saurara, ta ce tana jiran ta samu natsuwa. Ban taɓa jin na raina kaina irin haka ba. In na faɗa ina tsoron ba za ta ƙara kallona kamar dā ba, in na yi shiru ina kallonta tana cin kanta. Yaya zan yi?

Mai jin kunya, daga Oulu

*

Ɗan'uwana mai jin kunya,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Bari in fara da abin da ke gefenka: ba ka yi nufin cutar da kowa ba, kuma shirun na'urarka yana cikin abin da ya sa surukinka ya saki baki. Fanka mai juyawa a hankali ba laifi ba ce. Laifin shi ne ka ƙara wa na'ura gudu, ka ɗaure fankokinta, ka cire mata bakin da za ta yi kuka, sannan ka haɗa amanar matarka da gardamar abokai. Wannan ganganci ne, ana kuma yafe ganganci. Abin da ya fi damuna shi ne mako ukun da suka biyo baya, domin su da saninka ka yi su, kuma kowace safiya kana ƙara ɗaya.

Ka faɗa wa Kaisu yau, kafin ka taɓa kwamfutar. Kada ka fara da bayanin zafin Yuli ko yawan juyin fanka. Ka fara da cewa ba ƙafarta ba ce, kai ne, kuma ka sani tun ranar. Za ta yi fushi, tana da haƙƙi. Kada ka nemi ta lallashe ka, kada kuma ka sa mata ranar hucewa.

Sannan kada ka sake ajiye komai a na'urar. Ka kai ta wurin masu ceto bayanai, wani lokaci ana samun abin da aka ɗauka kafin ɗaukewa, ko da yake ban yi maka alkawari ba. In ta dawo, ka rage mata gudu, ka saki fankokin su tashi idan zafi ya tashi, ka mayar da ƙararrawar.

Wurin surukinka kuma ku je tare da Kaisu, amma kai za ka buɗe baki, kada ka bar 'yarsa ta ɗauki nauyinka. Idan ya ce ba zai maimaita ba, ku bar shi, labarinsa ne. Sai dai mutumin da ya iya faɗar abu sau ɗaya bayan shekara arba'in, wataƙila ya iya faɗa wa 'yarsa a kan tebur ba tare da wata na'ura ba. Shekararsa tamanin da huɗu, kada ku jira kaka.

Awa ukun nan ba lallai ka iya dawo mata da su ba. Amma kai kaɗai ne a duniya za ka iya sa ta daina zargin kanta, kuma wannan ba ya buƙatar komai sai ka yi magana. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya zuciyar Kaisu, ya ƙara wa Baba lafiya.

Anti Hilkka