Hancina Ya Mutu, Taubashiyata Aka Kora

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu, manya da yara ina gaishe ku. A ɓoye sunana, sunayen da za ku ji ma ba na gaskiya ba ne. Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mani, tsohuwar malamar makaranta, ita ma sai da na sa ta rantse. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni. Na girmi iyayen wasunku, kuma ban saba roƙo ba.

Shekarar da aka kawo jami'a Dutsin-Ma muka fara, a bayan gidan wata Hajiya a Kurfi, mu shida har da ita. Daudawa muke yi. A dafa kalwa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta a kwando ta kwana biyu ko uku har ta nuna. Wannan kowa na iya yi. Abin da ba kowa ke iyawa ba shi ne sanin lokacin buɗewa. In an yi gaggawa ta fito salam, in an makara ta lalace. Aikin hanci ne, kuma ba yabon kai ba, daga Barkiya har Birchi babu hancin da ya kai nawa. Daga bakin ƙofa nake tsayawa in ce, "A bar ta sai la'asar," kuma haka za a yi. A tire ɗaya muke cin abinci. In ɗan wata ba lafiya, mu raba aikinta, ba mai tambaya. Cikinmu akwai Tabawa, ɗiyar kawuna, taubashiyata, tun muna yara ba mu gaisawa sai da zagi. In na shigo ta ce, "Ga mai hancin kura ta iso, a ɓoye nama." In ce, "Ke da wannan hannu kamar muciya, wa ya aure ki ma?"

Shekarar korona na yi wata mura mai zafi. Na warke, amma hancina bai tashi ba. Ko hayaƙi ban ji. Tabawa ce ta gano, ranar da miya ta ƙone a gefena ina zaune ina labari. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ke, hancin ya yi ritaya ne?" Sai na fashe da kuka. Ta ce, "Rufe mani baki, tsohuwar banza. Nawa yana nan." Daga ranar, in aka zo buɗe kwando sai ta tsaya kusa. In daudawar ta nuna, ta gyara ɗankwalinta. In da saura, ta sosa kunne. Ni kuma in ɗaga kai in yanke hukunci, a ce kai, hancin Inna sai ita. Me ya hana in gaya wa Hajiya? Da dariya kawai za a yi, a ce Tabawa ta karɓa. Girman kai ne, na faɗa da bakina.

Hajiya ta rasu shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu, ɗanta Alhaji ya karɓa. Yaron kirki ne, a gabana ya girma. Shi ya fara niƙa daudawar yana ƙulle ta a leda mai suna, kasuwa ta buɗe kamar wasa. Shekarar da aka canja kuɗi ya gina babban wuri a Dutsin-Ma, ya kawo injina, ya kawo manaja, aka yi ta ɗaukar ma'aikata har na daina sanin sunayensu. Kowa da hula da takunkumi, sai ido. Aka hana waƙa, wai miyau. Aka hana tire, kowa da robarsa, kowa da lokacinsa. Ranar da Kande ta rasu, ɗaya daga cikinmu na farko, inji bai tsaya ba, mutum biyu aka ce su je gaisuwa. Wanda ya makara a rubuta shi, wanda ya yi kuskure a ba shi takarda, takarda uku a sallame shi. Mutane suka koyi yin shiru, kowa na tsaron bakinsa da wurinsa.

Sannan aka raba mu. Dahuwa ta zauna Kurfi a hannun Tabawa, ɗakin rufi ya dawo Dutsin-Ma a hannuna. Aka ba ni kujera da farar riga, wai ni ce mai duba inganci, ba a niƙa komai sai na dangwala yatsa a takarda. Na ce wa manaja a haɗa ni da Tabawa. Ya yi dariya ya ce, "Mama, manya biyu a wuri ɗaya ai ɓarna ce." Shi ke nan na koma ƙirga kwana da taɓawa da hannu. Da rani na sha. Da damina ta faɗi, laima ta shiga ɗakin, wani babban rufi ya wuce lokacinsa, ni kuwa na ɗaga kai na ce ta yi. Aka niƙa, aka ƙulle, mota ta kai Katsina da Kano, mota ta dawo da kayan, an ƙi saya. Za ku ce 'yan matan da ke ɗakin ba su da hanci ne? Suna da shi. Daga baya na ji wata na ce wa wata, "Mun ji wari, amma wa zai ce wa Mama ta yi kuskure, a rubuta shi?" A bayan gidan Hajiya da tuni wata ta yi ihu ta toshe hanci.

Alhaji ya kira ni ofis, manaja na zaune. Ya ce, "Inna, ke ce uwarmu a nan. Daga ina matsalar ta fito?" Wallahi na buɗe baki in faɗi gaskiya. Na dubi farar rigar nan, na dubi manaja da bironsa, sai na ji bakina ya ce, "Dahuwar ce ba ta yi ba tun daga Kurfi." Aka aika mota ta ɗauko Tabawa. Aka maimaita mata abin da na ce, a gabana. Ta dube ni ta ce, "In ita ta faɗa, haka ne. Hancinta ba ya ƙarya." Ranar aka sallame ta.

Yanzu tana ɗan yin tata daudawar a gida, ga marayun jikoki uku a gabanta, amma a kasuwa mata na wuce tirenta suna cewa ita ce ta ɓata ta kamfani. Makon jiya muka haɗu gidan suna a Kurfi. Ta rusuna ta ce, "Ina wuni Hajiya? Ya aiki?" Hajiya! Ni! Na kama zanenta na ce, "Tabawa, zage ni mana." Ta janye a hankali ta ce, "Wa ya isa ya zagi manya?"

Ga shi Alhaji ya ce zai sa hotona a jikin leda, kuma ranar Asabar mai zuwa in fara koya wa sababbin ma'aikata sanin nunar daudawa da hanci. Da wane hancin? In na ce jiki ya gaji na ajiye aiki, na fita da mutuncina, ita kuma sunanta ya zauna a ɓace har ta mutu. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan dubi yaron da na goya? Kuma wa ya ce za su mayar da ita? Manaja dama cewa yake aikin tsofaffi ba shi da tabbas.

Cikin mu shida, Hajiya ta tafi, Kande ta tafi, Laure ma bara ta rasu. Saura Dije, da idonta ya fara dushewa tana ɓoyewa, ni kaɗai na lura. Sai ni, sai Tabawa, kuma dukanmu mun kusa. Ba na son a wanke ni da haƙƙin nan a wuyana. Don Allah, 'ya'yana, me zan yi?