Kafaɗar Baba

Gadarif, 9 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Yaya Nu'uman. Yaya baƙunta a Alƙahira? Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina barin abinci.

Yaya ya gaya mini ka ƙi sa hannu a takardar amaliyya, wato aikin tiyata, ka ce ba wanda zai yanka ka sai 'yarka daktora. Baba, na yi kuka. Aikin kafaɗa na koya a Hartum, amma kayan aikin suna can inda yaƙi ya kore mu. A mustashfan nan kuma, asibitin da nake aiki, mu biyu ne kawai likitocin ƙashi. Ba zan iya zuwa ba.

Bari in yi maka bayani, tunda ka ce ba ka gane na likitanka. Buhunan dawa da riɗin da ka yi shekara talatin kana ɗauka a suk, babbar kasuwarmu, sun tsinka jijiyoyin kafaɗarka, gurbin da kan ƙashin damtse ke juyawa a ciki kuma ya cinye. Za su juya mahaɗar ne: ƙwallon ƙarfe a jikin allon kafaɗa, gurbi a kan damtse, sai tsokar sama ta riƙa ɗaga hannun. Sai dai allon naka ya zaizaye, ba zai riƙe ƙarfe ba. Don haka za su yanko daga kan ƙashin damtsen, wanda dama cire shi za a yi, su cike wurin, su ɗaure da kusoshi. Ƙashinka ne, ba na wani ba. Na san abin da ke damunka ke nan.

Na duba hotunan kafaɗar da Yaya ya turo sau uku. Da ni ce, haka zan yi.

'Yarka,
Zulaiha

Gadarif, 27 ga Oktoba

Baba,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya haƙuri? Yaya ya ce har yanzu kana jira na.

Mutanen Jazira masu gudun yaƙi suna ta shigowa, wasu kwana biyar a ƙafa, da karaya ba ɗauri. Jiya na bi ta suk, na tsaya inda kake zama da 'yan dako. Babiker, abokin aikinka, ya tambaye ni yaushe za ka dawo. An fara kawo sabon riɗi daga Doka, ƙamshinsa ya cika ko'ina, ni kuwa ƙamshin rigarka nake ji.

Kullum ƙashin yana ƙara cinyewa. In ka daɗe, abin da za a dasa ba zai samu wurin kamawa ba. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da na gama karatu. Ka sa hannu, Baba.

Taka,
Zulaiha

Gadarif, 14 ga Nuwamba

Babana,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu da jiki. Alhamdu lillahi. Yaya ya turo hoton bayan aiki, dashen ya zauna daidai. Sati shida hannun zai yi a rataye, kada ka yi gardama. Buhu kuwa kun rabu har abada.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Safiyar da aka shiga da kai, ƙarfe tara, ni ma ina ɗakin tiyata da wani dattijo da aka kawo daga Basunda, tarakta ta karya masa damtse. Tsoro ya kama shi, ya riƙe mini hannu ya ƙi saki. Na sunkuya na ce masa, Baba, ina nan, ba inda za ni. Sai da ya yi barci na zare hannuna.

Inna ta shanya dardumar sallarka, ta ce sanyin ɗaki ya kama ta. Ni dai ka dawo.

'Yarka mai kewarka,
Zulaiha