Muryar Babana Tana Cikin Ajiyarku

Zuwa ga Manajan Darakta na kamfanin da ya ɗauke ni aikin sauti, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da suka rage maka. Ban ambaci sunanka ba, ko na kamfaninka, ko na babban kamfanin ƙasar waje da ya ba ku kwangila, ko sunan wasan kwamfutar da muka yi wa aiki, domin takardar da na sa wa hannu ta hana. Ni mai bin takarda ce. Za ka ga inda hakan ya kai ni.

Sunana Rakiya, daga Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo. Na karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a a Sakkwato. Kun ɗauke ni ne saboda wani sashe na wasan yana faruwa a kan babban kogi, kuma masu shi suna son sautin kogi na gaske. Ni na iya na'ura, babana masunci ne a Kogin Kwara, sai abin ya zo muku da sauƙi. Na rubuto a fili saboda wasiƙu bakwai da na aiko muku a asirce ba su kai ni ko'ina ba.

1. Ba kuɗi nake bi ba. An biya ni har kobon ƙarshe, a kan lokaci. Na fara da wannan ne domin na lura duk wanda ya amsa mini a ofishinku yana soma bayani da cewa babu kuɗi. Na ji. Ban tambaya ba.

2. Aikin da na yi. Wata huɗu ina shiga jirgin Baba da rakoda, daga ƙarshen damina har ruwa ya ja baya. Na ɗauki ƙarar filafilin tuƙi a ruwa mai zurfi da marar zurfi, faɗuwar birgi, wato ragar kamun kifi, in an jefa shi, kifi yana bugun cikin jirgi, hayaniyar mata masu banda a bakin gaɓa. In na dawo in yanka, in gyara, in sa wa kowane suna. Ranar aikawa kuma in hau kabu-kabu zuwa wajen Illo, inda layin wayar Jamhuriyar Benin ya fi namu ƙarfi, in zauna a rumfar wata mai sayar da atamfa ina kallon fayil yana rarrafe.

Baba bai taɓa yarda wannan aiki ne ba. Ranar farko ya dube ni na ɗora abin sauraro a kunne, ya ce, "Ke ɗiyata, shekara huɗu kina jami'a don ki zo ki saurari ruwa? Da kin hwaɗi mani, da na koya maki kyauta." Amma shi ke tashina. Shi ke cewa masu jirgin inji su dakata, ɗiyarshi na aikin Turawa.

Da masu wasan suka aiko ɗan bidiyon mutumin da suka zana yana tuƙa kwalekwale, suka ce in nuna wa masani ya duba. An gaya mana a taro cewa sun ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, sun sa masa riga mai ɗigo-ɗigo don na'ura ta ɗauki motsinsa, ya yi kwanaki yana kaɗa sanda a ɗaki, sannan wata tawaga ta yi watanni tana gyara yadda ruwa ke tsagewa a bayan jirgin. Baba ya kalla sau biyu. Ya ce ruwan ya yi kyau ƙwarai, amma wanga mutum in ya ci gaba da tuƙi haka, zai kwana yana zagaya wuri guda. Na rubuta musu. Suka gyara. Suka ce a gode masa.

3. Abin da nake nema. A cikin abin da na aika akwai fayil ɗaya na wata safiya, tsawonsa ya kusa awa biyu. Mun tashi daga Lolo muka yi sama da kogi, Baba ya manta rakoda tana kunne. Ya yi ta magana. Ya kira kowace kwana ta kogin da sunanta, wasu da Hausa, wasu da Dandanci. Ya nuna inda ƙanensa ya nutse tun kafin a haife ni. Ya ba ni labarin ranar da ya fara ganin Inna tana wankin tukwane a tsallake, da yadda ya yi ta kai wa babanta kifi har tsohon ya ce ya gaji da kifi. Ya yi mini tsiya a kan rashin iya zama a jirgi. Ya yi dariya sau da yawa.

Babu abin da wasanku zai yi da wannan. Na aika ne kawai don yarjejeniya ta ce a miƙa duk abin da aka ɗauka, ɗanye da gyararre.

4. Sakin layi na goma sha ɗaya na yarjejeniyar. Shi ne ya ce bayan miƙa aiki, cikin mako biyu, ma'aikaci ya goge duk kwafin da ke hannunsa, ya sa hannu cewa ya goge. Na goge na kwamfuta, na goge na katin rakoda, na goge na waya. Na bi da manhajar da kuka turo wadda ke tabbatar da cewa abin da aka goge ba ya dawowa. Tana aiki sosai, na gwada daga baya a wurin masu gyara uku, har Birnin Kabi.

Daga baya na ji cewa a cikin waɗanda muka yi aikin tare, kusan ni kaɗai na yi haka. Sauran sun sa hannu sun ajiye abinsu. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni a waya, cikin tausayi, ko dai ban taɓa yin aiki a Najeriya ba. Na yi tunanin ai Baba yana nan, kogi yana nan, rakoda tawa ce. In ina son muryarsa sai in leƙa zaure.

Ya rasu a daminar da ta biyo, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Bai taɓa riƙe babbar waya ba. Ba shi da saƙon murya a wayar kowa, ba ya cikin bidiyon bikin kowa, domin in ya ga an ɗaga waya juya baya yake yi. Wancan fayil shi ne kaɗai wurin da muryarsa ta rage a duniya.

5. Amsoshin da na samu. Ta farko na'ura ce, ta gode mini da tuntuɓa. Ta biyu ta dawo mini, domin matar da na rubuta wa an sallame ta. Daga nan na ji an soke wasan gaba ɗaya. Sakatarenka ya yi mini bayani mai tsawo, kuma na yaba da haƙurinsa. Ya ce irin waɗannan manyan wasanni ɗaruruwan mutane ke yin su shekara da shekaru, albashinsu kaɗai ya isa ya durƙusar da kamfani, kuma masu hannun jari sun duba sun ga watsar da shi ya fi ƙarasa shi araha. Ya ce a can ma an rufe ofishin, waɗanda suka zana ruwan nan mai kyau duk suna gida suna neman aiki. Ban ji daɗin haka ba. Wasu cikinsu na san sunayen 'ya'yansu.

Na ce to tunda wasan ya mutu, a ba ni fayil ɗaya. Ya ce duk abin da aka yi wa wasan kadarar kamfanin waje ce, ko ya fito ko bai fito ba. Kafin a saki ko daƙiƙa ɗaya sai lauyansu ya duba, kuma abin da lauyan zai caja ya fi abin da aka biya ni a wata, ba kuma wanda zai amince da kashe kuɗi a kan aikin da aka rufe. Na ce zan biya. Ya ce babu hanyar karɓar kuɗi daga wurina, tsarinsu bai tanadi haka ba.

Wato an samu kuɗin riga mai ɗigo-ɗigo, an samu na watannin gyaran ruwa, an samu na manhajar gogewa. Wanda ba a samu ba shi ne na mutum ɗaya da zai zauna minti biyar ya danna aikawa. Na fahimta. Na karanta lissafi.

A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ƙara da cewa ajiya ma kuɗi take ci, don haka kayan ayyukan da aka soke akan share su bayan wani lokaci. Bai san lokacin ba. Shi ya sa ban ƙara jira ba.

Ba na fushi, ranka ya daɗe. Na nemi fushin a jikina ban same shi ba. Ina tashi, ina salla, ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Bagudo. Abin da kawai na lura shi ne na fara rasa yadda yake kiran sunana. Na san yana jan ƙarshensa, amma in na gwada a raina, muryar kawuna nake ji.

Buƙatuna uku ne.

Na ɗaya, ka rubuta wa kamfanin waje da hannunka, ba ta sakatare ba, ka nemi a dakatar da share kayan sautin kogi. Kai suna amsa maka.

Na biyu, a ba ni wancan fayil. Sunansa yana cikin wasiƙata ta uku. In ana tsoron asirin wasan, a yanke ƙarar ruwa da ta filafili, ai su kuka saya. A bar mini maganar. Zan sa hannu a kan duk takardar da kuka kawo, kun kuma shaida ina cikawa.

Na uku, in an riga an share, a rubuto mini layi ɗaya a faɗa mini. Ranar da Inna ta fita takaba ta ba ni kuɗin kifinta, ta ce in sayo mata ƙaramar rediyo mai cin kati a kasuwar Lolo, don in an aiko kada a tsaya neman abin saurare. Rediyon tana nan a kwalinta a gefen gadon Inna, Inna tana goge ta duk Juma'a. Ina son in san ko in bar ta ta ci gaba.

Allah ya rufa maka asiri, ya buɗa wa waɗanda aka sallama wata ƙofa, ya ba kamfaninku aikin da za a iya ƙarasawa. In iyayenka suna raye, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Ka riƙa ɗaukar hirarsu a wayarka ta kanka.

Wassalam.

Rakiya,
Lolo, Bagudo, Jihar Kabi.